RAJISTAR AJI AMANA CE: Tsare Bayanan Masu Koyon Turanci a Talata Mafara da Bakura da Maradun



Gabatarwa

Wata rana da safe, 'yan shekarun baya, na tsaya a bakin wata tasha na sayi ƙosai, mai ƙosan ta ƙunsa mini shi a takarda kamar yadda aka saba. Da na gama ci ina shirin yar da takardar, sai idona ya faɗa kan rubutun da ke jikinta. Ashe shafi ne da aka yago daga littafin rajistar wani ajin manya. An jera sunayen mata kimanin ashirin, kowace da shekarunta da sunan mijinta da unguwarsu da lambar waya, sa'an nan ga wani gurbi a gefe inda aka rubuta sana'ar maigida. Mai ya ɓata wasu sunayen, amma sauran ana karanta su sarai. Ban san ko ɗaya daga cikin matan nan ba, amma ina tsaye a bakin tasha na san wadda mijinta dillalin shanu ne, na kuma san wadda ke zawarci.

Wannan takarda ita ce musabbabin jawabina na yau. Abin da nake so mu tattauna shi ne yadda ya kamata a riƙe bayanan mutanen da ke zuwa koyon Turanci a azuzuwan da jama'ar gari ke buɗe wa kansu, watau irin waɗanda ƙungiyoyin matasa da na mata da masu aikin sa kai ke gudanarwa da yamma a ɗakunan makarantun firamare, ko a zaurukan masu unguwanni. Na zaɓi Talata Mafara da Bakura da Maradun ne domin dalilin da zai bayyana nan gaba kaɗan. Ra'ayina kuwa guda ɗaya ne, shi ne cewa littafin rajista amana ne a hannun malami, kuma a irin halin da ƙasar nan take ciki, sakaci da shi yana iya jawo wa ɗalibi asarar dukiya, ko ma abin da ya fi dukiya.

Su Wane Ne Ɗaliban, Me Kuma Ake Karɓa Daga Gare Su?

Masu zuwa irin waɗannan azuzuwa ba yara ba ne da iyaye suka koro. Akwai ɗan kasuwa da ke son ya iya karanta saƙon da banki ke aiko masa a waya ba tare da ya miƙa wa yaron shago ba. Akwai matar aure da aka cire daga makaranta tun tana aji uku, yanzu tana so ta fahimci abin da aka rubuta a katin asibitin ɗanta. Akwai saurayin da ya faɗi Turanci a jarrabawar gama sakandare yana shirin sakewa, akwai malamin allo mai zurfin karatu a Larabci da ajami da ke son ƙara boko, akwai kuma wanda rashin zaman lafiya ya raba da ƙauyensu ya dawo cikin gari yana neman abin yi.

Ranar da ɗayansu ya fara zuwa, abin da ake fara miƙa masa shi ne fom. A da, suna da unguwa sun wadatar. Yanzu kuwa sai a nemi shekarun haihuwa, da lambar waya, da hoto, da sunan miji ko uba, da sana'a, da ƙabila, da addini, wani lokaci har da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da lambar asusun banki, musamman idan ana tsammanin wata ƙungiya za ta ba da tallafi. Waɗannan su ne abin da nake nufi da bayanan mutum, watau duk wani abu da idan aka gani ko aka ji za a iya gane wane ne ake nufi. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wanne ne daga cikinsu malami ke bukata domin ya koya wa mutum Turanci?

Suna a Wajen Bahaushe

Wasu suna ɗaukar maganar tsare bayanai a kan baƙuwar al'ada ce da ta zo tare da kwamfuta. A matsayina na ɗalibin harshe da al'ada, ina ganin wannan kuskure ne. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa suna abu ne mai nauyi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta ambaton sunan mijinta, sai ta ce maigida ko malam, wanda kuma aka raɗa wa sunan kakansa sai a saya masa da laƙabi. Har a gaisuwa, ba a tambayar magidanci matarsa da sunanta, sai dai a ce yaya iyali. Duba kuma yadda muke roƙon Allah ya rufa mana asiri, muna lissafa rufin asiri cikin manyan ni'imomi, muna kuma ƙyamar mai tonon asiri. Addinin da akasarin mutanen wannan yanki ke bi ya ƙarfafa wannan, domin aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane. Ashe ke nan matar da ta noƙe lokacin da malamin aji ya ce ta faɗi sunan mijinta a gaban jama'a ba duhun kai ke damunta ba. Tarbiyyarta ce ta yi aiki.

Bayan al'ada kuma akwai tarihi. Talakan ƙasar Hausa ya fara sanin rubuta suna a littafin hukuma ne ta hanyar haraji da jangali a zamanin mulkin mallaka, saboda haka ya taso da sanin cewa in an rubuta sunanka, to wani abu zai biyo baya. Da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaga tutar Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Coomassie yana cikin manyan jagororinsa, hukumar NORLA ta Zariya kuma tana buga littattafan karatu daga 1954, sai da malaman azuzuwa suka sha aiki kafin jama'a su yarda cewa rajistar aji daban take da littafin haraji. Mutanen wannan yanki kuma suna da nasu darasin na musamman. Lokacin aikin madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978, an ɗauki sunayen manoma da lissafin gonakinsu domin biyan diyya da sake rabon filaye. Saɓanin da ya taso a kan wannan diyya ya kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980. Dattawan da suka ga wannan zamani ba sa bukatar wani malamin jami'a ya gaya musu cewa abin da aka rubuta a kan mutum yana iya zame masa alheri ko sharri.

Dalilin Zaɓen Waɗannan Garuruwa Uku

Yankin nan yanki ne na makarantu. A Talata Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, a Bakura kuma akwai Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi. Amma a shekara ɗaya tak, watau 2021, kowace daga cikin waɗannan ƙananan hukumomi uku ta ga an shiga makaranta an kwashi ɗalibai. Ran 26 ga Fabrairu aka sace 'yan mata daga makarantar sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 a farkon watan Maris. A watan Agusta aka auka wa kwalejin Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ran 1 ga Satumba kuma aka kwashi ɗalibai 73 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. 'Yan kwanaki bayan haka hukuma ta rufe layukan waya a faɗin jihar na tsawon makonni, abin da ya nuna irin matsayin da lambar waya take da shi a wannan fitina.

Ban kawo waɗannan misalai domin in ce littafin rajista ne ya jawo su ba. Na kawo su ne domin mu auna darajar takardar da ke hannunmu. Mai garkuwa da mutane domin kuɗin fansa abu uku yake nema: wa ke da abin hannu, ina yake kwana, wa za a buga wa waya. Fom ɗin da na bayyana ɗazu ya amsa duka ukun a shafi guda, ya ƙara da ranaku da lokacin da mutum ke fitowa daga gida zuwa aji. Kowa a nan ya san maganar masu kai wa 'yan bindiga rahoto, ya kuma san karin maganar da ke cewa da ɗan gari akan ci gari. Ko da an ajiye maganar 'yan bindiga, akwai 'yan damfara masu bugo waya su ce daga banki suke, waɗanda abin da suke bukata kawai shi ne suna da lamba da ranar haihuwa. Akwai kuma cutarwa ta cikin gida: attajirin da ba ya so abokan cinikinsa su san bai iya karatu ba, da yarinyar da aka sa lambarta a zauren WhatsApp na aji, washegari samarin da ba ta sani ba suka dame ta da kira, mahaifinta ya ce karatun ya isa haka nan.

Matsaloli Biyu da Suka Keɓanta ga Ajin Turanci

Abin da na faɗa zuwa yanzu ya shafi kowane irin aji. Amma ajin Turanci yana da wasu matsaloli biyu nasa na kansa.

Ta farko ita ce, fom ɗin shiga da Turanci ake rubuta shi, alhali wanda ake miƙa wa ya zo ne domin bai iya Turancin ba. Malami ko wani ɗan'uwa ne ke cike masa, a ce ya sa hannu ko ya dangwala. Lokacin da nake karatun digiri na uku a ƙasar waje, ba a bar ni na ɗauki muryar kowa ba sai da na nuna wa jami'a, a rubuce, yadda zan bayyana wa mutum da harshensa abin da zan yi da maganarsa, da inda zan ajiye ta, da ranar da zan goge ta. A lokacin na ɗauki abin a kan ɓata lokaci. Sai da na dawo gida na zauna gaban wata tsohuwa, na karanta mata bayanin da Hausa, ta ce ta yarda in ɗauki tatsuniyoyinta amma kada in rubuta sunan ƙauyensu, sa'an nan na gane cewa da ban tambaya ba da na ci amanarta ban sani ba. Dangwalen da aka yi a kan takardar da mutum bai fahimta ba, sunansa dangwale kawai, ba a kira shi yarda.

Ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Ku tuna darussan farko na kowane littafin koyon Turanci: faɗi sunanka, faɗi inda kake zaune, 'ya'yanka nawa, mece ce sana'ar mahaifinka, bayyana gidanku, ba da labarin yadda kake tafiyar da yininka tun daga asuba. A wajen malami wannan motsa baki ne kurum. Amma ɗalibi yana amsawa da gaskiya, a gaban mutum talatin, ya kuma rubuta a littafin aiki ya miƙa a tafi da shi gida a duba. Kafin wata uku, tarin littattafan nan da ke kan teburin malami sun ƙunshi abin da rajista ba ta ƙunsa ba, har da adadin shanu da ranar da maigida ke tafiya cin kasuwa. Maganin wannan kuwa mai sauƙi ne. Nahawu bai damu da gaskiyar labari ba. Sai malami ya ƙago wani gida na almara, da maigida da uwargida da 'ya'yansu da awakinsu, a yi ta gina jimloli a kansu har ƙarshen zango. Ɗalibi zai koyi abin da ya zo koya, asirinsa kuma yana rufe.

Abin da Doka Ta Tanada

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin sirri a gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. A 2019 hukumar NITDA ta fito da ƙa'idojin kare bayanai, shekara guda bayan da irin wannan doka ta Tarayyar Turai ta fara aiki. A watan Yuni na 2023 kuma Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta ƙasa. Kada wani ya zaci bankuna da kamfanonin waya kaɗai dokar ta shafa. Abin da ta keɓe shi ne bayanan da mutum ya ajiye domin harkar kansa ko ta gidansa, rajistar aji kuwa ba ta cikin wannan.

Sashe na 24 ya shimfiɗa ginshiƙan aikin: a karɓi bayani bisa gaskiya kuma a fili, domin wata manufa da aka ambata, gwargwadon bukata kawai, a tabbatar daidai yake, kada a riƙe shi fiye da lokacin da ake bukatarsa, a kuma tsare shi. Sashe na 26 ya yi bayanin yarda, ya nuna cewa shirun mutum ba yarda ba ne, dole ne a nemi yardar da harshe mai sauƙi, ana iya bayar da ita a rubuce ko da baki, kuma nauyin tabbatar da cewa an same ta yana kan wanda ya karɓi bayanin. Sashe na 30 ya ware wasu bayanai masu tsauri, cikinsu har da ƙabila da addini da lafiyar jiki da ra'ayin siyasa, waɗanda ba a taɓa su sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Sashe na 31 ya ce in yaro ne, yardar iyaye ko waliyyi ake nema. Sashe na 40 kuma ya wajabta sanar da Hukuma cikin sa'o'i 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Har ila yau ɗalibi yana da ikon ya nemi ganin abin da aka rubuta a kansa, ya sa a gyara kuskure, ya janye yardarsa, ko ya kai ƙara. Tarar da dokar ta yanka wa ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Hujjar Ma'aikaci

Na san abin da ke ran ma'aikatan da ke zaune a nan, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Za su ce in ba a kawo cikakkun sunaye da lambobi da hotuna ba, ta yaya ofis zai bambanta ajin gaskiya da na bogi? Ai mun sha jin labarin ɗaliban da babu su sai a takarda, ana karɓar alawus da sunansu. Wannan gaskiya ne, kuma dukiyar jama'a ita ma amana ce. Sai dai tabbatar da samuwar aji ba ya bukatar a kwafe asirin ɗalibai a bi ofis-ofis da shi. Mai duba makarantu yana iya zuwa ba zato, ya ƙirga kawuna, ya buɗe rajista a gaban malami, ya sa hannu ya bar ta a inda ya same ta. Rahoton da za a aika hedkwata kuwa adadi ya ishe shi: maza kaza, mata kaza, waɗanda suka ci jarrabawa kaza. Inda tilas sai an bi ɗalibi ɗaya-ɗaya, sai a ba kowa lambar aji, sunan da ke bayan lambar ya zauna a wajen mutum ɗaya da aka ɗora wa alhaki. Ƙungiyar da ta kawo tallafi ta ce sai an ba ta hotunan mata suna karatu domin ta buga a Facebook, sai a gaya mata cewa masu fuskokin ne ke da ikon bayarwa, kuma wadda ta ƙi ba za a hana ta littafi ko gurbi a aji ba.

Shawarwari

Na farko, a taƙaita fom. Suna, da unguwa, da matakin karatu, da lamba guda ta wanda za a nema in wani abu ya faru, sun isa. Lambar NIN da ta banki ba su da aiki a ajin da ba a biyan kowa kuɗi.

Na biyu, a rubuta bayanin yarda da Hausa, a boko da ajami, a kuma karanta wa kowa shi kaɗai: ga abin da muka rubuta, ga dalili, ga wanda zai gani, ga ranar da za mu ƙone shi.

Na uku, rajista ta kwana a akwati mai makulli, a san wanda ke riƙe da makullin. Kada a ɗauki hotonta a waya. In an kai ta shagon masu buga takardu, a tsaya har a gama, a tabbatar an goge ta daga kwamfutarsu, a kuma karɓe kwafin da ya lalace.

Na huɗu, in za a aika saƙo ta waya, a aika wa kowa shi kaɗai. Kada a jefa mutum cikin zauren da kowa zai ga lambarsa sai ya nema da kansa.

Na biyar, sakamakon jarrabawa a liƙa shi da lambar aji. Littattafan aiki kuma a mayar wa masu su a ƙarshen zango.

Na shida, in zango ya ƙare aka ba da takardun shaida, a ajiye suna da lambar shaida kaɗai, sauran a ƙone su a gaban shaidu biyu. Kada a sayar wa masu awon tsofaffin takardu.

Na bakwai, in littafi ko waya ta ɓata, a gaya wa ɗalibai a ranar, domin su yi hattara da baƙon kira, sa'an nan a sanar da hukuma. Kunyar faɗa ba ta kai haɗarin ɓoyewa ba.

Kammalawa

Malam Shugaba, babu ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari da ke bukatar kasafin kuɗi, in ban da kuɗin kwaɗo da ashana. Abin da suke bukata shi ne malami ya riƙa tuna cewa dattijon da ya cire girman kai ya zauna a bencin yara, da matar da ta roƙi izini kafin ta fito, sun ba shi abin da ba sa ba kowa. Magana zarar bunu ce, haka ma bayani, in ya fita ba ya komawa. Ranar da labari ya bazu a unguwa cewa an ga sunan matar wane a takardar ƙosai, magidanta goma za su hana iyalinsu zuwa, aji ya mutu, aikin da aka faro tun zamanin Yaƙi da Jahilci ya koma baya a wannan unguwa.

Ɗalibanmu da ke nan, da yawanku za ku koyar a irin waɗannan azuzuwa lokacin hutu ko lokacin bautar ƙasa. Ma'aikata kuma, ku ne ke zana fom ɗin da ake rabawa. Roƙona gare ku shi ne, kowa ya ɗauko fom ɗin da ke ofishinsa ko ajinsa a cikin makon nan, ya bi gurabun ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya kasa faɗin amfaninsa ga karatun ɗalibi ya soke shi.

 Allah ya rufa mana asiri, ya kuma ba ƙasarmu zaman lafiya.